Rawa a Asibiti da Masu Tara Satifiket

Na san da jin an ambaci rawa a asibiti wasu daga cikinku za su kwashe da dariya, wani ma ya ce ai bori ne aka sa wa kwat da nekitai. Ku yi dariyarku, zan dawo kanku. Waɗanda na fi nufi da wannan rubutu su ne masu shirya tarurrukan bita na jinya da rawa a nan Birtaniya, da kuma 'yan uwanmu masu aikin jinya da gashin ƙashi da kula da tsofaffi, waɗanda suka mai da irin waɗannan tarurruka wurin tara takardun shaida. Mutum ya biya kuɗi, ya wuni yana juyi a cikin zaure, da la'asar a miƙa masa satifiket, washegari ya koma bakin aiki yana gaya wa iyalan marasa lafiya abin da bincike bai faɗa ba. Wannan shi ake kira ƙaro ilimi, kuma ni ban yarda da sunan ba.

Sana'ar dai ba ta jiya ba ce. A 1942 wata mai koyar da rawa, Marian Chace, ta fara aiki da masu taɓin hankali a asibitin St Elizabeths da ke birnin Washinton, tun kafin a gano magungunan taɓin hankali na zamani. Mutanen da magana ta gagare su takan jawo su da kiɗa, ta kwaikwayi motsinsu har su kula da ita. A 1966 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, ita ce kuma shugabarta ta farko. Ta Birtaniya ta biyo baya a 1982, kuma jami'o'i irin su Roehampton ta Landan sun daɗe suna koyar da fannin a matakin digiri na biyu. Sai dai akwai wata ɓaraka a doka da ya kamata mai karatu ya sani. Hukumar HCPC, wadda ke rajistar ma'aikatan lafiya irin su masu gashin ƙashi, ta kare sunan mai jinya da kiɗa, da mai jinya da zane, da mai jinya da wasan kwaikwayo, ta yadda wanda ba shi da rajista ya kira kansa da ɗaya daga cikinsu ya karya doka. Mai jinya da rawa ba ya cikin wannan jerin. Ƙungiyarsu tana da rajistarta da ƙa'idojinta, kuma na san akwai masu aiki tsakani da Allah a cikinsu, amma doka ba ta hana wanda ya yi bitar kwana biyu ya buga kati ya ce shi ma gwani ne ba. Inda babu ƙofa kuwa, kowace akuya shiga take.

Wace hujja ake kafawa a waɗannan tarurruka? Kusan kullum guda ce: wai rawa tana rage haɗarin gigin tsufa da kashi 76 cikin ɗari. Adadin yana da asali. Ya fito ne daga binciken Joe Verghese da abokan aikinsa da aka buga a 2003, inda suka bibiyi tsofaffi 469 'yan sama da shekara 75 a unguwar Bronx ta Amurka, 124 daga cikinsu suka kamu da cutar. An ga cewa masu yawan rawa ba su cika kamuwa ba. To amma bibiya aka yi, ba a ɗauki wasu an sa su rawa an bar wasu ba. Tsohon da yake fita rawa yana da shekara tamanin, dama can yana da ƙafa, yana da abokai, yana da kuɗin mota. Wanda kuma mantuwa ta fara ci a ɓoye, shi ne zai fara daina zuwa tun kafin likita ya gane. Masu binciken da kansu sun ce sai an yi gwaji na musamman kafin a yanke hukunci. Kuma a cikin binciken nan dai an ga irin wannan alaƙa ga karatun littafi da kaɗa kayan kiɗa da wasanni irin su dara, amma ban taɓa ganin an tallata bitar dara a gidan tsofaffi ba. Ga dukkan alamu dara ba ta kyau a hoto.

Na taɓa halartar irin wannan taro na wuni guda a wani gari a arewacin Ingila, kuɗin shiga ya kai na cefanen mako biyu. Mai gabatarwa ta haska 76 ɗin nan a bango da manyan baƙaƙe. Da aka ba da damar tambaya na ce mata, ina labarin gwajin da Stefan Priebe ya jagoranta? Sai ta yi murmushi ta ce jiki ya san abin da lissafi bai sani ba. Aka tafa mata. Mu kusan talatin a zauren, kowa ya tafi gida da satifiket na awa shida.

Ga labarin da ta ƙi bayarwa. A 2006 Frank Röhricht da Priebe suka buga sakamakon wani ɗan ƙaramin gwaji a gabashin Landan, da mutum 45 masu ciwon sikizofireniya, wato irin taɓin hankalin da kan bar mutum shiru, fuska ba walwala, ba ya son shiga mutane. Waɗanda aka yi wa jinya ta hanyar motsa jiki da rawa sun fi samun sauƙi. Aka yi murna, kuma da gaskiyar masu murna. Sai aka sake gwajin da girma, da mutum 275, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi suna zuwa wajen ƙwararrun masu jinya da rawa, rabi suna zuwa ajin motsa jiki na Pilates, zama ashirin cikin mako goma. Sakamako ya fito a 2016. A kan ainihin abin da aka tashi aunawa, babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin gidajen biyu. A shekarar nan ta 2016 kuma aka buga wani gwaji daga yankin Sidni ta Ostareliya, da tsofaffi 530 da aka bibiya shekara guda, aka ga rawar taro sau biyu a mako ba ta rage yawan faɗuwarsu ba. Mai shirya bita da ya san waɗannan sakamako ya ɓoye su, ya ci amanar masu sauraro. Wanda bai san su ba kuwa, shekaru bayan fitowarsu, me ya kai shi tsayawa gaban mutane?

Haka abin yake idan aka duba taƙaitawar da cibiyar Cochrane kan yi, wadda ke tace bincike ta ajiye masu inganci kawai. A kan ciwon damuwa, a 2015 ta samu gwaji uku kacal da mutum 147, ta ce ba za a iya yanke hukunci da su ba. A kan gigin tsufa, a 2017 ba ta samu ko ɗaya da ya cika sharaɗi ba, sai a 2023 aka samu guda ɗaya daga Hon Kon mai mutum 204. Ko babban nazarin nan na 2024 a mujallar likitocin Birtaniya, wanda ya haɗa bincike 218 kan motsa jiki da ciwon damuwa, wanda kuma jaridu suka yi ta yayata cewa rawa ce ta zo ta ɗaya, kason rawa a cikinsa bincike biyar ne da mutum ɗari da 'yan kai, akasarinsu mata matasa. Wannan dalili ne na a ƙara bincike. Bai kai a gaya wa dattijo ya ajiye ƙwayoyinsa ba.

Yanzu na dawo kan masu dariya, domin kada su ɗauka na ba su gaskiya. Ku je ku kalli mai cutar karkarwa ta Parkinson ya zo bakin ƙofa ƙafarsa ta kafe, yana so ya taka ya kasa. Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da taku ba tare da tunani ba shi ne cutar ta lalata, saboda ƙarancin sinadarin dofamin. Amma idan aka ba shi wani sauti daga waje mai faɗuwa daidai da daidai, sau da yawa sai ƙafar ta saku ta bi sautin. A jami'ar Washinton da ke St Louis, Madeleine Hackney da Gammon Earhart suka gwada rawar tango ta Ajantina, kuma ba don daɗin kiɗanta suka zaɓe ta ba. Tango cike take da tafiya da baya, da juyi, da tsayawa cak a sake tashi, wato daidai abubuwan da ke kayar da mai wannan cuta. A wani gwaji da aka buga a 2012 da mutum 62, waɗanda suka yi shekara suna tango sau biyu a mako sun fi waɗanda ba su yi ba daidaiton tsayuwa da sauƙin motsi. Gwajin ƙarami ne, amma an san me aka auna, an san dalilin da ya sa zai yi aiki. A Brooklyn tun 2001 ƙungiyar rawa ta Mark Morris take haɗa kai da masu cutar tana ba su darasi, a Landan kuma ƙungiyar bale ta Ingila ta fara nata a 2010, ta gayyato Sara Houston da abokiyar aikinta daga Roehampton suka zauna a cikin ajin suna aunawa suna tambayar masu rawar. Irin wannan ne haɗa bincike da aiki: malamin rawa ya yarda a auna shi, mai bincike ya cire takalmi ya shiga zaure. Batun bori kuwa, girka tana da aƙidarta ta iskoki wadda mu Musulmi ba mu karɓa ba, kuma babu abin da ya haɗa ta da a ƙirga wa mai karkarwa taku. Wanda ya haɗa su biyun ya nuna bai san ko ɗaya ba.

Su kansu tarurrukan bita an yi bincike a kansu, abin da masu shirya su ba sa son a tuna. Taƙaitawar Cochrane ta 2009, da aka sabunta a 2021 da bincike 215, ta nuna cewa taron ƙara wa juna sani yakan canja aikin ma'aikacin lafiya, amma kaɗan ne. Ta farkon ta kuma nuna cewa haɗa lacca da gwajin hannu ya fi kowannensu shi kaɗai, sannan idan aikin da ake son a canja mai sarƙaƙiya ne, taro ba ya taɓuka abin kirki. Jagorantar tsofaffi goma sha biyu, wannan da sandarsa, wannan a keken guragu, wannan bai san inda yake ba, ai ba ƙaramar sarƙaƙiya ba ce. Ita ma HCPC, da takan zaɓi kashi biyu da rabi cikin ɗari na masu rajista a kowace sana'a duk shekara biyu don ta duba ƙaro iliminsu, ba ta ƙirga awa. Abin da take tambaya shi ne yadda karatun ya gyara aikinka da yadda ya amfani marar lafiya. Mu ne muka mai da shi tara takarda, mai yiwuwa don mun taso a inda satifiket a jaka ya fi aiki a hannu daraja.

Da yawanmu muna aikin wucin gadi a gidajen kula da tsofaffi don mu biya haya, kuma mu ake turawa irin waɗannan bitoci. Idan aka tura ka, 'yar uwa ko ɗan uwa, tambayi mai gabatarwa mutum nawa ne a binciken da yake ambata, da wa aka kwatanta su, kuma wane gwaji ne bai yi nasara ba. Idan ka dawo za ka fara ajin, agogon wayarka ya isa. Ka sa tsoho ya tashi daga kujera, ya taka mita uku, ya juyo ya zauna, ka rubuta daƙiƙa nawa ya ɗauka, wanda ya kai 12 ko ya wuce yana cikin haɗarin faɗuwa. Ka sake bayan wata uku. Ka rubuta wanda ya daina zuwa da dalilinsa, domin su ne ake mantawa a rahoto. Ka nemi mai gashin ƙashi ya duba alƙaluman tare da kai duk wata. Wannan littafin naka ba zai zama hujjar da za a buga ba, amma zai hana ka yaudarar kanka, kuma da irinsa masu bincike kan san tambayar da ta dace su yi.

Waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne masu shirin komawa gida da satifiket ɗin su buɗe cibiya. Wane dattijo ne a Kano ko Damagaram zai riƙe ƙugun matar da ba tasa ba da sunan magani? Dole a canja salon, a raba maza da mata, ƙila a koma ga tafi, ko kiɗan ƙwarya, ko irin luguden taɓarya da iyayenmu mata suka sani tun suna 'yan mata. To da zarar ka canja shi, sakamakon St Louis ya daina zama naka, sai ka auna sabon abin daga farko, da izinin kwamitin ɗa'a na asibiti, da rukunin da za ka kwatanta. Cikinmu akwai masu digiri na biyu a lafiyar al'umma da ƙididdiga da gashin ƙashi da har yanzu suke neman batun da za su rubuta kundi a kai. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su ware awa biyu a taronmu na gaba, a raba gwajin 2006 da na 2016 tun mako guda kafin ranar, kowa ya karanto, mu zauna mu tsefe su shafi bayan shafi. Ba za a ba kowa satifiket ba.