In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Duk wanda ya san unguwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san rumfunan da samari ke taruwa suna buga ƙwallo a allon talabijin, ana biyan kuɗi a kan kowane wasa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da yawa daga cikin waɗannan wasannin bidiyo kwafarsu aka yi ba da iznin masu su ba. Wani ya buɗe na'ura ya gyara ta yadda za ta karɓi faifan jabu, wani ya sauko da wasa daga intanet ya zuba a kwamfuta. Ko mu so ko mu ƙi, sunan wannan aiki satar fasaha.

Doka dai ba ta yi shiru ba. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda aka sake gyarawa a 1999 da 2015, kuma tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi da waƙa. Ƙasarmu ta yi dokarta ta kare haƙƙin mawallafa a 1993, ta sabunta ta a 2010, ga kuma hukumar BNDA da aka ɗora wa kula da wannan haƙƙi. A wasu ƙasashe hukuncin yana da tsanani. A 2022 wata kotun Amurka ta ɗaure Gary Bowser, ɗan Kanada, watanni 40 saboda sayar da kayan fasa na'urorin Nintendo, aka kuma ɗora masa biyan dala miliyan 14 da rabi.

Wasu za su ce, ina ruwanmu da asarar attajiran Japan da Amurka? To, asarar ba ta tsaya can ba. Hajar da ta shigo a ɓoye ba ta biyan duwan, ba ta biyan lanho, kuma baitulmalin da ke biyan albashin ma'aikata shi ne ke ramewa. Ɗan kasuwar da ya sayo na gaskiya ba zai iya gasa da mai jabu ba, ƙarshenta ya rufe kanti. Mun ga yadda kwafar faifai ta karya masu shirya finafinan Hausa na Kano da mawaƙanmu na gida. Kuma Afirka ta fara yin nata wasanni: a 2016 kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion. Matashin Nijar da zai bi sahunsu, wa zai sayi aikinsa a kasuwar da ta saba da banza? Mai hajar da ba ya son a kwaikwayi tambarinsa bai kamata ya halatta wa kansa gumin wani ba.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sabon babban wasa kan kai dala 70 ta Amurka, wato kimanin jika 40 na sefa, alhali mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a Nijar a 2024 jika 42 ne. Wane uba ne zai ba da albashin wata guda a kan wasa ɗaya? Ko mai kuɗin ma sai ya nemi katin banki da intanet mai ƙarfi kafin ya saya ta hanyar halal. Kamfanin da ya tsawwala farashi, ya kuma ƙi kawo kayansa kusa, shi da kansa ya share wa ɓarawo hanya.

Ƙasar Polan ta nuna cewa akwai magani. A shekarun 1990 faifan jabu ne ya cika kasuwanninta. Kamfanin CD Projekt, wanda aka kafa a 1994, ya karɓi izni, ya mayar da wasan Baldur's Gate cikin harshen ƙasar a 1999 da muryoyin fitattun ƴan wasan kwaikwayo, ya haɗa da taswira da littafi a cikin kwali. Mutane suka sayi na gaskiya domin ya fi na jabu daraja. Wannan kamfani ne daga baya ya yi The Witcher, ya zama abin alfaharin ƙasarsa.

Saboda haka muna kira ga mahukunta da kada su huce haushinsu a kan yaron da ke neman na abinci a rumfar wasa. A nemi manyan dillalan da ke shigo da jabun, a kuma sassauta kuɗin duwan a kan kayan da ke da izni. Ƴan kasuwarmu su haɗa kai su nemi wakilcin kamfanonin nan, tare da farashin da ya dace da aljihun ɗan Nijar. Kame da tara kaɗai ba za su raba mutane da jabu ba, muddin na gaskiya ya fi ƙarfin aljihunsu.