Daga Danau Kota: Injin Pascal da Carbin Lissafi

Duk wanda ya saba zuwa kasuwar dare ta Uptown a nan Danau Kota ya san yadda ciniki yake: mai kaya ya danna kuɗi a kalkuleta ya nuna maka, kai ma ka danna naka. To kafin zuwan batir fa, da me ake lissafi?

A 1642 wani yaro a Faransa, Blaise Pascal, yana ɗan shekara 19, ya fara ƙera wa babansa mai tara haraji injin lissafi. Faifai ne a jere, kowanne ɗauke da lamba daga 0 zuwa 9. Tarawa ba wuya, juyawa kawai za ka yi. Wahalar tana wajen abin nan da malamin firamare ke cewa "a riƙe ɗaya". Ƙarfe ai ba ya riƙe komai a kai. Sai Pascal ya sa wani ɗan ƙarfe mai nauyi da ke ɗagawa a hankali, da zarar faifai ya tsallake 9 sai ya faɗo ya tura na kusa taki ɗaya. Wallahi wannan dabarar ta fi burge ni a duk labarin.

Na bayansa gyara suka yi ta yi, har zuwa Curta mai shiga tafin hannu, wadda Curt Herzstark ya kammala zanenta yana tsare a sansanin Buchenwald. Ƙananan kalkuleta masu batir na fitowa, aka daina ƙera ta a farkon shekarun 1970.

Amma sempoa, katakon nan mai ƙwallaye kamar carbi, ya ƙi mutuwa. A 1946 a Tokyo, Kiyoshi Matsuzaki ya kayar da sojan Amurka mai injin lantarki da shi, ci 4 da 1. A nan Maleshiya aka kafa UCMAS a 1993, kuma a 2005 gwamnati ta shigar da sempoa ajin farko na firamare. A ganina dalilin ɗaya ne: a sempoa mutum ne ke riƙe ɗayan, don haka in yaro ya goge sai ya ajiye katakon ya ci gaba da ka.

Kakanninmu a kasuwar Kurmi ma da yatsu suke ware wuri biyar-biyar har su cika keso, wato dubu 20. Mu jikokinsu kuwa, canjin ringgit 50 sai mun zaro waya. In kuna da ƙanne a gida, ku gwada su da 87 a tara da 46, ba waya, ku ga minti nawa za a yi.