Sharhi: Wa Zai Ɗauki Nauyin Ɗan Jagora a Jami'a?

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta tanadi ilimi kyauta ga naƙasasshe har zuwa ƙarshen sakandare, ta kuma ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar a gyara su domin mai keken guragu da makaho, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Kyautar a sakandare ta tsaya, domin da zarar ɗalibi ya taka ƙofar jami'a nauyinsa ya koma wuyan iyayensa, alhali a daidai nan ne hidimarsa take ninkuwa, tun da ya bar gidan da uwa da ƙanne suke yi masa komai ba a lissafi.

Abin da ake kira kuɗin kulawa shi ne abin da ake kashewa a kan mutum na biyu, wato wanda zai tura keke daga ɗakin kwana zuwa ɗakin lacca, ya ɗebo ruwa ranar da famfo ya ƙafe, ya taimaka wajen wanka da sa tufafi, ko kuwa ɗan jagoran da zai ja wa makaho sanda, ya karanta masa takardun da ba a buga da rubutun makafi ba. Wannan mutum yana ci, yana hawa adaidaita sahu, yana buƙatar makwanci, amma da yake sunansa ba ya cikin rajistar ɗalibai, masu rabon gadaje ba su san da zamansa ba. Sau da yawa ƙane ake cirewa daga tasa makarantar a haɗa shi da yayansa, karatun ɗaya ya ci na ɗayan. Shi kansa ɗakin kwanan, mai gado hawa biyu da masai na tsuguno can ƙarshen baranda, ba don mai keke aka gina shi ba, kuma idan bai samu ɗaki a ƙasa mai faffaɗar ƙofa ba, sai haya a wajen makaranta, inda mai gida yake karɓar kuɗin shekara a dunƙule, kuɗin mota kuma ya zama na mutum biyu safe da yamma.

Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokarsa a Afrilun 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata babu kuɗin ruwa, sai dai adadin ɗaya ne ga mai ƙafa da maras ƙafa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, kuɗin na NELFUND ba zai ɗauki mai hidima ba, kuma ko da an ƙara shi, bashi ne da za a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Bai kuwa dace a ce mutum ya ci bashi domin ya samu damar shiga banɗaki ba.

Birtaniya ta raba nauyin ne gida uku: gwamnati tana ba da tallafin karatu da ba a mayarwa domin kayan aiki da masu taimako a aji, ƙaramar hukuma tana ɗaukar hidimar jiki, jami'a kuma tana gyara masauki bisa dokar daidaito ta 2010. Nan gida ma hukumar JAMB ta nuna abin mai yiwuwa ne, domin tun 2017 kwamitinta da Farfesa Peter Okebukola yake shugabanta yana ba makafi masauki da abinci tare da 'yan jagoransu a kwanakin jarrabawa. Sai dai wannan hidimar kwanaki ce, digiri kuwa shekara huɗu ne ko biyar. Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020, ita ya kamata ta riƙe tallafin kulawa, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya gindaya sharaɗin ɗakunan ƙasa a duk ginin da zai biya, jami'o'i kuma su rubuta gadon ɗan jagora a cikin takardar rabon masauki tun ranar da aka ba ɗalibin gurbin karatu.