Dogon Arewacin Kamaru: a fara da tambayar tsakuwa

Tun 1974 da layin dogo ya iso Ngaundare ya tsaya, mutanen Garwa da Pitowa da Marwa ke zuba ido a ƙarasa musu shi. A 2014 Kamaru da Cadi suka sa hannu kan yarjejeniyar miƙa shi har Njamena, muhawara kuma ta tsaya kan abu biyu: ta wane gari zai bi, wa zai ba da kuɗi. A ganina akwai tambaya ta uku da ta fi kusa da aljihun mutumin Pitowa: tsakuwar da za a shimfiɗa ƙarƙashin dogon daga ina za ta fito, wa kuma zai riƙa ƙara ta bayan an watse daga bikin buɗewa?

Tsakuwar nan ita ke ɗauke da jirgin. Ƙarfen dogo yana kan gumaguman kankare ko na katako, su kuma suna kwance cikin fasasshen dutse mai kaifin baki. Kaifin ne ke sa duwatsun su cije juna, su hana layin gocewa, ruwan sama kuma ya tsiyaye ta tsakaninsu. Tsakuwar rafi, irin ta bakin Binuwai, ruwa ya goge ta ta yi sumul, mirginawa take yi in nauyi ya hau ta. Kowace kilomita tana cin fiye da tan 1,000, kuma ba zubi ɗaya ba ne: dutse yana niƙewa, ƙura da laka su toshe shi, sai an tankaɗe an ƙara sabo. Aikin taragon tsakuwa ke nan, wanda cikinsa ya tsuke kamar mazurari, da ƙofofi a ƙasa. Jirgi na tafiya a hankali, ma'aikaci na buɗe ƙofa, dutse na zuba daidai inda ake so. Inda aka rasa waɗannan taragu, sai direba ya koma rage gudu shekara bayan shekara.

A ƙasarmu abin ya fi tsanani. Baƙar lakar karal da ake noman masakwa a kanta tana kumbura da damina, ta dare da rani. Layin da ya ratsa ta zai riƙa neman tsakuwa fiye da wanda ke kan tudun Adamawa. Dutse kuwa ba baƙonmu ba ne: ga dutsen Tingilin tsaye a kan Pitowa, ga Figil inda aka daɗe ana fasa dutse ana yin siminti. Farar ƙasar siminti ta cika laushi, ba kowane dutse ne zai yi ba, shi ya sa ya kamata a gwada namu tun yanzu, kafin ɗan kwangila ya ce babu, ya jawo nasa daga kudu.

Za a ce wannan maganar injiniyoyi ce, a bari dogon ya zo tukuna. To, sashen Belabo zuwa Ngaundare, kimanin kilomita 330, ya zo tun 1974, amma sai da aka nemo rancen Turai don sabunta shi. Abin da ba a rubuta a kwangilar farko ba, da bashi ake biyansa daga baya. Wasu kuma za su ce fasa dutse na kawo ƙura da tsagewar gidaje. Gaskiya ne, kuma abin tsoro ne ga ƙauyukan da ke gindin dutse. Sai dai maganinsa shi ne a zauna da masu gari a tsayar da wuri da nisa da diyya tun ba a kawo inji ba. Idan hanyar Garwa aka zaɓa, 'yan majalisar Binuwai su nemi a rubuta wurin fasa dutse a Arewa, da taragun tsakuwa masu zama a Garwa, da kuɗin gyara na kowace shekara, duk a cikin takardar da za a sa wa hannu.