Yaron da tabarau bai yi wa magani ba

A makarantun Birnin Konni, Malbaza da Illela akwai irin yaron da malami ke kira malalaci. Yana tafiya ba ya tuntuɓe, yana tsallaka titi lafiya, amma ba ya iya karanta abin da aka rubuta a allo, kuma sai ya karkata kai kafin ya gane fuskar mai yi masa magana. An saya masa tabarau a kasuwa, ba canji. Daga nan wasu su ce iskanci ne, wasu su ce sammu.

Irin wannan yaro na iya ɗauke da ciwon gado da ke cin makula, wato tsakiyar tantanin da ke bayan ido. A nan ne ƙwayoyin gani da ake kira kon suka fi taruwa. Kowane ido na da kimanin miliyan 6, kuma su ke ba mutum damar karatu, gane fuska da bambanta launi. Mafi yawaita a cikin waɗannan cututtuka ita ce Stargardt, wadda likitan Jamus Karl Stargardt ya bayyana a 1909, aka gano ƙwayar halittar da ke haddasa ta, ABCA4, a 1997. Ana ƙiyasin tana kama mutum 1 cikin 8,000 zuwa 10,000. Idan uwa da uba duka suna ɗauke da ita a ɓoye, kowane ciki na da haɗarin kashi 1 cikin 4, kamar amosanin jini. Inda auren zumunci ya yawaita, haɗuwar irin waɗannan iyaye ta fi sauƙi.

A 1997 masana a Jami'ar Rochester ta Amurka suka aro fasahar da masu nazarin taurari ke gyara hotunansu da ita, suka sa ta a kyamarar ido. Da ita ake ƙirga ƙwayoyin kon ɗaya bayan ɗaya a idon mai rai. Ƙirgar ta nuna cewa mutum na iya rasa da yawa daga cikinsu yana kuma karanta haruffan allon gwajin ido. Wato kafin gwajin da aka saba ya nuna matsala, ɓarna ta yi nisa.

Ba wanda zai ce a kawo wannan na'ura Illela gobe. Ko a Turai ta ɗakunan bincike ce. Amma ayyukan ido na kyauta da ke zuwa jihar Tawa sun fi karkata ga yanar ido, wadda aiki ke warkarwa nan take. Ciwon makula ba ya nuna fari a ido. Sai an leƙa bayan idon, a ɗauki hoton OCT mai auna kaurin tantanin. Ya kamata hukumomin lafiya su koya wa malamai da jami'an asibitocin karkara ƙa'ida guda: yaron da tabarau bai gyara ganinsa ba, a tura shi ga likitan ido, a Tawa, Maraɗi, Yamai ko Sakkwato.

Wani zai ce mene ne amfanin sanin ciwon da ba ya da magani? Amfanin yana da yawa. Yawanci ganin gefe ba ya ɓacewa, don haka yaron zai ci gaba da karatu idan aka ba shi kujerar gaba, manyan haruffa da gilashin ƙara girman rubutu. Likitoci kan ba shi shawarar kare ido daga zafin rana da barin shan ƙarin bitamin A. Za a duba ƙannensa, dangi kuma su yi shawara kafin a haɗa aure.

Ga 'yan ci-rani a Abijan ko Libiya da ke aiko kuɗin gida, idan aka kira aka ce ƙane ba ya ganin allo, kada kuɗin ya ƙare a tabarau na uku ko wajen mai cire yana da tsinke. A biya kuɗin mota da na gwaji, a kuma nemi likita ya rubuta sunan ciwon a takarda, a kai wa malaminsa.