Raƙuman Kwatar Kano da Cutar MERS

Bayan da aka fara gano cutar MERS a ƙasar Saudiyya a shekarar 2012, daga baya likitoci suka tabbatar cewa raƙumi ne ke ɗauke da ƙwayarta yana kuma sa wa ɗan Adam. Cuta ce ta numfashi, 'yar uwar korona wadda ta girgiza duniya a 2020, kuma cikin kowane mutum 3 da aka tabbatar sun kamu, kusan 1 ya rasu. Mafi yawan raƙuman duniya a Afirka suke, amma an daɗe ana zaton cutar ba ta taɓa mutanenmu.

Binciken da aka yi a nan Kano ya raunana wannan zato. A 2015 masana daga Jami'ar Hong Kong, tare da takwarorinsu na Nijeriya, sun gwada raƙuman da ake yankawa a kwatar Kano, suka tarar fiye da 90 cikin 100 sun taɓa kamuwa, wasu ma da ƙwayar a hancinsu. Da aka gwada jinin mahauta ta hanyar da aka saba, ba a ga kome ba. Sai da aka koma ga wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ba sa manta cutar da suka taɓa yaƙa, sannan aka ga alamar kamuwa a jikin mutum 18 cikin 61 masu aikin raƙuma. An bayyana wannan sakamako a 2020. Mahautan da ba sa taɓa raƙumi kuwa, ko ɗaya ba a samu ba.

Ba tsoratar da jama'a muke yi ba. Gwaje-gwaje sun nuna irin ƙwayar da ke raƙuman Afirka ba ta kai ta Larabawa ƙarfin hayayyafa a huhun mutum ba. To amma ƙwayar cuta tana sauya hali, kuma duk lokacin da ta shiga jikin mutum ta sami wata sabuwar dama ke nan. Wanda ya san ƙauyukan arewacin Kano, irin su Bacirawa, inda turken dabba da ɗakin kwana ke cikin shinge guda, ya san ba a rasa irin wannan dama. Ga kuma alhazanmu da ke zuwa Saudiyya kowace shekara.

Abin da ya fi damunmu shi ne, sai da aka kai jinin mutanenmu wata nahiya kafin mu san abin da ke cikinsa, alhali muna da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi a Vom tun 1924, ga Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Murar tsuntsaye ta 2006 ma sai da kaji suka yi ta mutuwa sannan aka farga.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya da ofishin likitocin dabbobi su daina aiki kowa gabansa. A riƙa gwada raƙuman da ke shigowa daga Nijar da Chadi, a ba mahauta safar hannu da takunkumi da ruwan wanki isasshe. Duk mahauci ko ɗan tireda da aka kwantar da ciwon huhu mai tsanani, likita ya tambaye shi sana'arsa, a kuma ɗauki majinarsa a aika gwaji.