Doguwar Tafiyar Rawicz: Wahala Ba Ta Bukatar Ƙarin Gishiri

 Yau ina so mu tattauna a kan wani littafi da ya yi suna a duniya, wanda daga baya aka gano akwai lauje cikin naɗi a labarinsa.

Sunan littafin The Long Walk, wato Doguwar Tafiya, ya fito a 1956. Mai labarin shi ne Slavomir Rawicz, sojan ƙasar Foland, wani ɗan jaridar Ingila mai suna Ronald Downing ne ya rubuta masa. Rawicz ya ce jami'an Tarayyar Sobiyet sun kama shi a 1939, aka yanke masa shekara 25 a sansanin gwale-gwale a Saiberiya. Ya ce a 1941 shi da mutum shida suka tsere cikin dusar ƙanƙara, suka ratsa Mongoliya da hamadar Gobi da Tibet da duwatsun Himalaya a ƙasa, har huɗu daga cikinsu suka isa Indiya. Tafiyar ta kai kilomita 6,500, kamar mutum ya taka daga Legas zuwa Kano sau shida ke nan. An fassara littafin zuwa harsuna da dama, kuma a 2010 aka yi fim a kansa mai suna The Way Back.

To amma tun farko masu sanin hamada sun ɗaga gira. Ya ce sun yi kwana fiye da goma a Gobi ba ruwa, alhali duk wanda ya san hanyar Agadas ya san ɗan Adam ba ya kai haka cikin zafin rairayi. Ya kuma ce a Himalaya sun ga wasu halittu biyu masu gashi suna tafiya da ƙafa biyu, irin dodon da ake kira yeti. Sannan a 2006, shekara biyu bayan rasuwarsa, BBC ta binciko takardu, ciki har da waɗanda shi kansa ya rubuta da hannunsa, masu nuna cewa sakinsa aka yi a 1942 cikin afuwar da Sobiyet ta yi wa fursunonin Foland, daga nan ya bi rundunar 'yan ƙasarsa zuwa Iran. A 2009 wani dattijo, Witold Glinski, ya fito ya ce shi ne ya yi tafiyar, amma shi ma masu bincike sun sami tangarɗa a zancensa.

Wasu na cewa mene ne abin damuwa, tunda dai an yi zaluncin, sansanonin nan gaskiya ne, miliyoyin mutane sun shiga cikinsu, da yawa ba su fito ba. Wasu kuma na cewa takardun gwamnatin Stalin ba abin yarda ba ne. Magana ta biyun tana da nauyi, sai dai a nan ba takardun Sobiyet kaɗai aka dogara da su ba, akwai rubutun hannun mai labarin.

Ni ra'ayina shi ne abin damuwa ne, kuma babba. Mu 'ya'yan 'yan kasuwa mun san cewa idan aka kama ka da mudun da aka bubbuge wa gindi sau ɗaya, to ko hatsinka mai kyau ne, an daina yarda da awonka. Rawicz ya sha ɗauri na gaskiya, wannan ba a musu. Da ya tsaya a kan abin da ya gani, da labarinsa ya zama hujja. Da aka haɗa shi da dodo da hamadar da ba ruwa, sai ya ba masu musun zaluncin Stalin abin da za su kama, su ce ai duka tatsuniya ce. Wanda ya yi hasara shi ne talakan fursunan da ya faɗi gaskiyarsa tsurarta, ba wanda ya saya, don ba ta da armashi.

Ba zagin mamaci nake yi ba. Mutumin da ya fito daga irin wannan azaba ya cancanci tausayi, kuma marubucin da ya tsara littafin da kamfanin da ya buga shi suna da nasu kason, domin da sun rubuta a bangonsa cewa ƙagaggen labari ne, da ba wanda zai ce uffan. Laifin shi ne sayar da shi da sunan shaida.

Dalilin da ya sa na kawo mana wannan, jama'a, mu ma muna da labaran tsira. Akwai waɗanda suka tsallake rikicin Shagamu a 1999, akwai na kasuwar Shasha a Ibadan a 2021. Mun ga yadda bayan Shagamu wuta ta tashi a Kano, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba suka rasa rayukansu. A irin wannan yanayi, mutum goma su zama ɗari a bakin mai ba da labari ba wasa ba ne, jini ne. Kuma ran da aka kama mu da ƙari sau ɗaya, gobe idan muka kai kukan gaskiya gaban hukuma ko maƙwabtanmu, za a ce mun saba.

Shawarata ita ce mu zauna da dattawanmu mu rubuta abin da suka gani da idonsu, da ranar da wurin, mu ware shi daban da abin da aka ce an ce. Wanda ya ɓoye mu a gidansa daga cikin 'yan gari, shi ma a rubuta alherinsa, don shi ma yana cikin gaskiyar. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne; na Rawicz ya ɗauki shekara 50 kafin a kai ƙarshensa, amma an kai.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. Sai na ji ra'ayoyinku.